Ƙahon magana, kakaki da kururuwa: murya da iko a wurin gobara, daga Amurka zuwa Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Duk inda gobara ta tashi, kafin a kai ga zancen ruwa akwai matsala biyu a gaban jama'a. Ta farko ita ce yadda za a tara mutane da gaggawa. Ta biyu kuwa ita ce yadda mutum guda zai sa taron da ya ruɗe ya saurare shi, har hannuwa masu yawa su kama aiki ɗaya. Dukansu matsalolin murya ne, saboda haka mai nazarin harshe yana da ta cewa a kansu.

A biranen Amurka na ƙarni na 18 da na 19, ƴan sa-kai masu kashe gobara sun warware matsala ta biyu da wani bututun ƙarfe wanda shugabansu ke magana ta cikinsa. Faransawa suna kiran wannan abu porte-voix. Mu a nan za mu kira shi ƙahon magana. Ƙasar Hausa ta san dogon bututun ƙarfe tun ƙarni na 15, watau kakaki, ta kuma san gobara farin sani, amma ba ta taɓa haɗa su ba. Wannan ɗan nazari yana neman dalilin haka, ta hanyar duba gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Abin da muke son nunawa shi ne, a ƙasar Hausa an raba aikin ɗaga murya gida uku: kururuwa ta kowa ce, shela da gangami na hukuma ne, kakaki kuwa na sarki ne shi kaɗai. Wannan rabo ne ya yanke wa kalmomin makomarsu lokacin da na'urorin ƙara murya suka iso a ƙarni na 20.

1. Ƙahon magana a inda ya yi suna

A shekara ta 1671 wani Baturen Ingila mai suna Samuel Morland ya buga ɗan littafi a kan ƙahonin magana da ya sa aka ƙera masa. Bayan shekara 2, a 1673, Athanasius Kircher, wani malamin coci Bajamushe da ke zaune a birnin Rum, ya fitar da nasa littafi yana cewa shi ya riga. Ko wane ne ya riga, masu jiragen ruwa ne suka fi cin moriyar abin, domin da shi ake magana daga jirgi zuwa jirgi, ko daga ƙasan jirgi zuwa ga waɗanda ke bisa filafilai cikin iska.

Yadda ƙahon ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ba ya ƙara wa murya wani ƙarfi daga waje, tun da babu wuta ko batir a jikinsa. Aikinsa biyu ne. Na farko, yana tattara sautin da zai watse ko'ina ya nufar da shi gefe guda. Na biyu, faɗin da yake ƙarawa sannu-sannu daga baki zuwa ƙarshe yana sa ƙarfin murya ya fi shiga cikin iska. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da wajen desibel 6, kuma abin da ke fara ɓacewa shi ne baƙaƙe marasa ƙarfi irin su s, sh da f. Wasula da karin sauti su ne ke daɗewa ana jin su. Ƙaho yana taimakon waɗannan raunanan baƙaƙe su kai nesa, watau yana ceton kalma daga zama hayaniya kawai.

A Amurka, birnin Niyu Yok ya sayo injinan feshin ruwa guda 2 daga Landan a 1731. A 1736 Benjamin Franklin da abokansa suka kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara a Filadelfiya, wadda wasu da dama suka yi koyi da ita. A 1752 majalisar Niyu Yok ta ba da iznin a sayo ƙananan ƙahonin magana guda 6. Injinan wannan zamani da hannu ake buga su: maza su jeru gefe biyu su kama dogayen sanduna, waɗannan su danna, waɗancan su ɗaga. Idan ruwa yana nesa, sai a jera injina, wannan ya zuba wa wancan har a kai ga wutar. Irin wannan aiki yana bukatar umurni da ke canzawa kowane lokaci: a ƙara sauri, a dakata, a juya bakin ruwa, a sauko daga tsani bango zai faɗi. Ga dare, ga hayaƙi, ga ƙarar wuta da ta ƴan kallo. Ƙahon aiki na tagulla ne ko farin ƙarfe, tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba, don mai shi ya iya gudu da shi.

Abin lura a nan shi ne, ƴan ƙungiya ne ke zaɓen shugabansu da ƙuri'a, shi kuma ke riƙe ƙaho. Da haka kayan aiki ya zama alamar muƙami. Aka shiga ƙera na azurfa masu zane, ana ba shugabanni kyauta don girmamawa, ana fita da su ranar biki. Daga baya injin tururi da ma'aikata masu albashi suka maye gurbin ƴan sa-kai a manyan birane: Sinsinati a 1853, Niyu Yok a 1865. A ƙarni na 20 radiyon hannu ya kori ƙaho daga fagen aiki, amma hotonsa ya tsira a wuyan riga. A rundunoni masu yawa na Amurka ƙaho 1 alamar laftana ce, 2 ta kyaftin, 5 a giciye kuwa ta babban shugaba. Su da kansu sukan kira wannan alama da sunan begila, alhali begila busa ta ake yi, ba a magana ta cikinta. Za mu sake gamuwa da irin wannan zamewar suna a Hausa.

2. Gobara a ƙasar Tasawa da Mayahi

Tasawa tana bisa babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, wajen kilomita 120 gabas da Maraɗi. Mayahi tana arewa maso yamma da ita. Abin da ya haɗa gundumomin biyu shi ne Gulbin Kaba, busasshen kwari mai yawan goriba, wanda ya ratsa ƙasar Kanambakashe da ta Mayahi. Sunan kansa yana faɗin arzikin wurin: kaba, wadda ake saƙa tabarma da igiya da faifai da ita. Idan aka ƙara da karan hatsi, da zana, da shibci na baibaya, za a ga cewa kusan duk abin da talaka ya yi gida da shi abincin wuta ne.

Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, yana kan hanyarsa daga Abzin zuwa Katsina da Kano. A labarin tafiyarsa ya yaba wa garin da walwalar mutanensa, ya kuma siffanta gidaje masu darni na dogayen kara, da ɗakuna masu jinka, da inuwar itace a tsakar gida. Abin da ya ba baƙo sha'awa shi ne kuma haɗarin garin. Watan da Barth ya iso tsakiyar hunturu ne, lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, komai ya bushe, mutane kuma suna kwana da wuta a ɗaka saboda ɗari. A zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Maraɗi da Gobir a gefe guda, da sarakunan daular Sakkwato a ɗaya gefen, ga kuma Damagaram daga gabas, tsoron hari ya sa mutane sun cunkushe cikin ganuwa ko kafi. Darni ya jingina da darni, wuta kuwa ba ta neman abin da ya fi haka.

Ruwa ba shi ne babban makamin kashe wuta a wannan ƙasa ba. Nesa da gulbi rijiya takan kai gaba 20 ko fiye, guga ɗaya-ɗaya ake jawowa, bukka kuwa cikin ƴan mintoci take cinyewa. Dabarun da aka gada na hana wuta abinci ne: a kayar da darnin da ke gabanta, a sauke jinkar ɗakin maƙwabci tun ba ta iso ba, a watsa mata rairayi, a buge ta da ɗanyen reshen sabara ko kalgo. Akwai kuma dabarar riga-kafi da duk wanda ya bi ƙauyukan Mayahi ya gani, watau ajiye rumbuna a gefen gari, nesa da murhu, don ko gida ya ƙone cimakar shekara ta tsira. Wutar daji ita ma haka ake yi mata, kuma ta fi muni a shekarar da damina ta yi kyau, domin a lokacin ne ciyawa ke da kauri a makiyayan arewa.

Wannan ya nuna cewa bukatar umurni a nan ta sha bamban da ta Niyu Yok. Babu inji mai neman a daidaita bugunsa. Abin da ake bukata shi ne yawan hannuwa nan take, sa'annan a sami wanda zai ce a kayar da darnin wane, a kuma yarda da shi ba gardama, tun da ɓarna ce ake yi wa dukiyar mutum don a ceci ta sauran.

3. Kalmomin kira da masu ikon yin su

Hausa tana da kalmomi da yawa na ɗaga murya don tara jama'a. Idan aka dube su ta fuskar wanda ke da ikon yin su, sai su kasu kamar haka:

(1) kuwwa, ihu, kururuwa: murya tsirara, kowa na iya yi, mace ko namiji, yaro ko babba, ba tare da neman izni ba;

(2) shela, yekuwa: magana ce tsararriya da sankira ko maroƙi ke bi unguwa-unguwa ko kasuwa yana faɗa, da yawun sarki ko mai gari;

(3) gangami, kuge, tambari: kiɗa ne na tara mutane ko sanar da babban al'amari, wanda ba a taɓa shi sai da umurnin mai mulki.

Gobara tana farawa da rukuni na (1). Wadda ta fara gani, sau da yawa mace ce a tsakar gida, ita ke ƙwalla kururuwa, maƙwabta su karɓa, har kira ya game gari. Kalmomin da ake amfani da su sun dace da abin da muka faɗa a kan sauti: wayyo, jama'a, gobara, duka wasula ne buɗaɗɗu da ake iya ja yadda numfashi ya kai. Kunne kuma ba ya rikita kururuwa da guɗa, ko da daga nesa ne. Amsar kururuwa wajibi ce ta zaman tare: ana cewa a kai ɗauki, ko a kai gudummawa, kalmar da ake jin gudu a cikinta tun kafin ta koma nufin kuɗin da ake tara wa mai biki ko wanda hasara ta sama. Bayan wuta ta mutu sai jaje, sai kuma gayya ta sake ɗora jinka. Karin maganar nan da ke cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, a garin da darni ya haɗu da darni ba ta bukatar fassara. Da wannan ma'ana, duk mai lafiya a gari ɗan sa-kai ne, ba tare da rajista ko tufafin aiki ba.

Matsala ta biyu, ta umurni, matsayi ne ke warware ta. Mai gari, ko mai unguwa, ko sarkin samari, ko wani dattijo da ake jin nauyinsa, shi ke cewa a yi kaza. A garin da kowa ya san muryar kowa, muryar ita kanta ta isa shaida. Shugaban ƴan sa-kai na Niyu Yok yana cikin taron baƙin ido, yana bukatar abin da zai sa a ji shi, a kuma gane shi ne shugaba. Mai garin ƙasar Mayahi an riga an san shi.

Akwai wani abu kuma. A al'adar fada, babba ba ya ɗaga murya. Sarki yakan yi magana ƙasa-ƙasa, wani bafade ko sankira ya maimaita da ƙarfi don jama'a su ji. Ke nan aikin da Turawa suka ba bututun ƙarfe, Hausawa mutum suka ba. Mai mulki da ya kafa ƙaho a baki yana ihu da kansa, a idon mutanen da, ya zubar da girmansa.

4. Abin da ya hana kakaki zama ƙahon gobara

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fara. Tun daga lokacin kakaki yake cikin kayan manyan sarakuna. Ames da King sun bayyana shi a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, Gourlay kuma ya bi tarihinsa a wata maƙala ta 1982. Bututu ne na ƙarfe mai gaɓa-gaɓa da ake harhaɗawa, tsawonsa mita 2 zuwa 3 ko fiye. Ana busa shi a ƙofar fada daren Juma'a, da ranar salla, da naɗin sarauta, da duk lokacin da sarki ya hau. Tasawa tana tsakiyar fadojin da suka san shi: Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri daga yamma, Damagaram daga gabas. A ƙarshen ƙarni na 19 ma wani sarkin Katsinar Maraɗi, Mijinyawa, ya koma Tasawa da zama.

Dalili na farko da ya raba kakaki da gobara na sarauta ne. Mabusa ba su da ikon busa shi don kowa, ko don attajiri, balle don bukkar talaka ta kama. Ƙahon Amurka ya fara a matsayin kayan aiki, daga baya ya zama alamar muƙami. Kakaki kuwa tun shigowarsa alamar mulki ne, bai taɓa sauka fagen aiki ba.

Dalili na biyu na harshe ne, kuma shi ya fi shafar mu. Ƙahon magana muryar mutum ce ke ratsa shi da baƙaƙenta da wasulanta. Kakaki leɓɓan mabushi ne ke kaɗawa su haifar da sautin, kuma galibi sauti biyu yake bayarwa, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti biyu, na sama da na ƙasa, tare da faɗau da ke haɗa su, kakaki yana iya kwaikwayon karin magana da tsawon gaɓoɓi. Shi ya sa ake cewa kakaki yana magana. (A misalan da ke tafe, wasali biyu na nufin dogon wasali, alamar ` na nufin karin ƙasa, gaɓar da ba ta da alama kuwa karin sama gare ta.)

(4) gàa shi, gàa sarkii

Mai sauraro yana gane (4) saboda ya riga ya san abin da kakaki ya saba faɗa, take ne da kirari da ba su canzawa. Amma a duba waɗannan:

(5) wutaa / ruwaa

(6) gabàs / kudù

(7) kù gudù / kù tsayàa

A (5) kalmomin biyu karinsu ɗaya, sama-sama, tsarin gaɓoɓinsu ma ɗaya, marar nauyi sa'annan mai nauyi. Kayan busa mai sauti biyu ba shi da hanyar bambanta wuta da ruwa. A (6) da (7) karin ɗaya ne, ɗan bambancin nauyin gaɓar ƙarshe ne kawai ya rage, wanda hayaniya ke haɗiyewa. Haka kuma yawancin aikatau na umurni ga mutum guda karinsu ƙasa-sama ne: fìta, gùdu, tsàya. Abin da ke raba su a kunne wasula ne da baƙaƙe, su ne kuwa kakaki ba shi da su. Saboda haka ko da sarki ya yi izni, kakaki zai iya tada gari daga barci, amma ba zai iya cewa a kayar da darnin kudu ba. Ƙahon dabba da mahalba ke busawa wurin farauta shi ma haka yake: yana kira, yana nuna inda mai shi yake, ba ya tsara jimla sabuwa.

5. Daga zuwan Faransawa zuwa oparlar

Mutanen wannan ƙasa sun san Faransawa ta hanyar wuta. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa, kuma a ƙasar Tasawa tafiyarsu ta ƙare: an kashe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga Yuli, sa'annan sojojinsu suka kashe su biyun ranakun 16 da 17. Kaburburansu suna Maijirgi. Bayan haka Tasawa ta zama mazaunin kwamandan har 1927, lokacin da aka mayar da babban bariki Maraɗi. Sabon kayan busa da ya shigo a wannan zamani shi ne clairon, watau begilar soja, wadda ke tada gardi da safe, tana kuma rakiyar tuta. Ita ma, kamar kakaki, muryar hukuma ce.

Tsarin kashe gobara da Nijar ta gada daga Faransa na soja ne. Bayan gobarar da ta tashi a ofishin jakadancin Ostiriya da ke Paris a 1810, Napoliyon ya kafa bataliyar sapeurs-pompiers a 1811, ya sa ta ƙarƙashin dokar soja. A Nijar ma masu kashe gobara reshe ne na rundunar sojan ƙasa, lambar kiransu 18, kuma sun fi zama a manyan garuruwa. Ga ƙauyen da ke arewacin Mayahi ko ƙasar Urafan, kafin mota ta iso abin da zai ƙone ya ƙone. Ɗaukin farko yana nan a hannun maƙwabta kamar zamanin Barth.

Abin da ya fi kusa da ƙungiyar sa-kai mai tsari shi ne samariya. Tsohuwar al'ada ce ta matasan gari ƙarƙashin sarkin samari, wadda gwamnatin Seyni Kountché (1974-1987) ta farfaɗo da ita ta mai da ita ginshiƙin ayyukan gayya, kamar gina azuzuwan lakwal, da share gari, da dashen itace. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ta rasa goyon bayan hukuma. Ta fannin wutar daji kuwa, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin taimako sukan ɗauki mutanen karkara bayan kaka su share dogayen zirin ƙasa cikin makiyaya, abin da ake kira pare-feu da Faransanci, don wuta in ta iso ta rasa abin ci. Wannan tsohuwar dabarar kayar da darni ce aka faɗaɗa.

Ƙahon magana mai batir shi ne ya kawo wa ƙasar Hausa abin da ba ta da shi, watau kayan da ke ɗaukar cikakkiyar magana zuwa nesa. Ya shiga hannun masu shela, da masu tallar magani ranar kasuwa, da ma'aikatan allurar riga-kafi, da ƴan siyasa. Babban ɗan'uwansa ya hau bisa masallatai, inda bayan kiran salla ake sanar da rasuwa, da ɓatan yaro, da tashin gobara. Sai kuma gidajen radiyon karkara da wayar salula suka biyo baya.

6. Inda kalmomi suka faɗa

Da waɗannan na'urori suka iso, ta fuskar siffa kakaki ne ya fi kama da su, amma Hausa ba ta ba su sunansa ba. A Nijeriya an ari lasifika daga Ingilishi, a Nijar an ari oparlar daga haut-parleur na Faransanci. Sunan da aka samo daga cikin gida shi ne amsa-kuwwa, harɗaɗɗiyar kalma ta aikatau da suna, wadda tun asali take nufin muryar da dutse ko kogo ke maido wa mai kira. Ke nan an ɗauko sunan daga rukuni na (1), rukunin muryar kowa. Wannan ya dace da yadda ake amfani da abin, tun da mai tallar magani ba ya neman iznin fada kafin ya kunna.

Kalmar kakaki kuwa mutum ta koma wa. Kakakin gwamnati, kakakin rundunar soja, kakakin jam'iyya, a Nijeriya har da kakakin majalisa. Faransanci ya raba porte-voix, kayan aiki, da porte-parole, mutum. Hausa ta ba kakaki ma'ana ta biyu, ta hana shi ta farko. Dalilin a fili yake idan aka tuna da abin da ya gabata: abin da Bahaushe ya riƙe game da kakaki shi ne yana magana da yawun mai mulki, siffar bututu ba ta dame shi ba. Gangami da yekuwa su ma sun bar fada, sun koma nufin taron siyasa da faɗakar da jama'a.

Kammalawa

A ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara irin haka ta faru a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25, abin da ya sa majalisar ministoci ta hana sa ƙananan yara na ajin share fage cikin azuzuwan zana. Mutanen da sun ce gobara daga kogi maganinta sai Allah, amma gobarar zana da kara daga kogi ba ta fitowa, kuma mintocin farko ne ke yanke hukuncinta.

Tarihin da muka bi yana da amfani guda biyu ga masu aikin harshe. Na farko ya shafi fassara da ƙirƙirar kalmomi. Wanda zai fassara porte-voix cikin littafin yaƙi da jahilci ko takardar faɗakarwa, kada siffa ta ja shi ya rubuta kakaki, domin mai karatu zai ji sarauta ko mai magana da yawun hukuma. Amsa-kuwwa ta hannu ta wadatar ga na'urar yau, ƙahon magana kuma ga ta da. Na biyu ya shafi umurnin gaggawa da za a koya wa malaman lakwal da kwamitocin ƙauye. Ya kamata su zama gajeru, ƙayyadaddu, a kuma zaɓe su yadda wasulansu da karinsu za su bambanta sarai, a gwada su cikin iska da hayaniya da Hausar wurin, kafin a buga su a takarda. Haka kuma idan za a ba gari amsa-kuwwa don gobara, sai a fara tambayar wanda mutane za su yarda ya ce a kayar da darninsu, a ba shi ita, a kuma ajiye ta inda wadda ta fara ganin hayaƙi za ta iya kai hannu.